Shaidar da Na Yi wa Dillalin Fiyano

Na san abin da ake faɗa a cikin Daura game da dalilin da ya sa na rataye kalangu na daina kiɗa. Wasu sun ce ciwon kafaɗa ne, wasu sun ce wa'azi na ji na tuba. Kafaɗar tana ciwo, ba ƙarya ba ne, amma da ciwon nata na yi shekaru ina kiɗa ban fasa ba. Ku 'ya'yana, gara ku ji daga bakina tun ina da bakin. Na sa yayarku Zainabu ta zauna da biro da littafi, ina faɗa tana rubutawa, na kuma roƙe ta kada ta gyara mini magana don ta rufa mini asiri. Ita ma tana cikin labarin, ta san inda zan so in kauce.

Sai na fara da Audu, don in ba ku san shi ba, ba za ku gane nauyin abin da na yi ba. Audu mutumin Baure ne. Mun haɗu muna samari a wani biki, ni da kalangu, shi da murya, muka ga hannuna da bakinsa sun dace, shi ke nan ba mu sake rabuwa ba. Mun yi wa mahautan Daura kiɗa ranar kasuwa, mun yi bukukuwa daga Mashi har ƙauyukan da ke tsallaken iyaka. Tabarma ɗaya muke kwana a kai in mun je baƙunta, abin da aka liƙa mana kuma a hula ɗaya muke zubawa. Da ciwon ciki ya ɗauke shi, ya bar matarsa Delu da ɗa guda namiji, Sani, da wata fadama a bayan gari wadda ya gada daga ubansa. Babu wanda ya ce mini ga amana. Ba a buƙatar a faɗa. Sani ya tashi yana ce mini Baba, a hannuna ya fara riƙe kalangu, amma zamani ya ja shi zuwa fiyano. Ban hana shi ba. Ya ƙware sosai, yana yi wa masu situdiyo aiki ana biyansa abin da aka ga dama. Lokacin da abin nan ya faru ya riga ya yi aure, yana da 'yarsa Hauwa'u da ta fara tafiya, kuma babban burinsa a duniya ya mallaki kayan kiɗa nasa na kansa.

A shekarar, kasuwarmu ta mutu. Masu biki sun koma ɗauko mai lasifika ya jona waya, ya cika unguwa da ƙara har a tashi. Sai in yi wata guda ba wanda ya aiko nemana. Yunwa ba ta kama mu ba, don ina noma, amma akwai wata yunwar da ba ta ciki ba. Mutumin da ya saba in ya shigo fili a buɗe masa hanya, yanzu ya wuce ta gaban majalisa ba a ko ɗaga kai. A cikin wannan hali wani mutum ya tsayar da mota a ƙofar gidanmu ana gab da la'asar. Fari ne, mai ƙiba kaɗan, da shadda mai tsada da magana mai daɗi. Ya ce sunansa Alhaji Nura, yana sayar da kayan kiɗa na zamani ta intanet, fiyano da lasifika da makirfo, yana aikawa ko'ina a Arewa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ni. Ya ce da kiɗana ya tashi, ubansa yana da kaset ɗina. Har wani take na mahauta da na daɗe ban kaɗa ba ya rera mini da baki. Ban san inda ya samo shi ba, amma na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi a ƙirji.

Abin da yake so ƙarami ne, in ji shi. Ya fito da fiyano sabo fil daga bayan mota, ya ɗora a kan tabarmar zaure, ya ce in sa yatsuna a kai, in dubi wayarsa, in ce ni Isiya mai kalangu na Daura na sayi wannan a wurinsa, ya iso mini lafiya, kuma duk wanda ya yi ciniki da shi ba zai yi nadama ba. Na shiga ciki in sauya riga, mahaifiyarku Rabi ta bi ni ɗaki. Ta riga ta ji komai ta bayan labule.

"Malam, ka saya ne?"

"Talla ce kawai," na ce mata. "Shekara nawa ina wasa marowaci ina kiransa mai kyauta? Wa ya taɓa kama ni da laifi?"

"Wanda ka wasa a fili, kowa ya san shi, kowa kuma ya san sana'arka ce. Wannan cewa za ka yi ka saya. Shaida ce ba kirari ba."

Na ce mata mace ba ta san harkar waje ba. Na sa babbar rigata ta Juma'a, na fita, na faɗi abin da aka ce in faɗa. Sau uku muka maimaita don na yi ta tuntuɓe a kan sunan shagon. Ya ba ni kuɗi a cikin ambulan, ya mayar da fiyanonsa mota, ya tafi. Duka abin bai kai tsawon sallar la'asar da na makara ba.

Bayan mako guda Zainabu ta dawo daga makaranta ta nuna mini kaina a wayarta. Ga ni a saman shafin mutumin, ga rubuce-rubucen mutane a ƙasa kamar tururuwa. Ta karanta mini. Wannan ya ce kayansa sun iso cikin kwana biyu, wancan ya ce Alhaji Nura mutum ne mai amana, wani ya ce Allah ya ƙara buɗi. Kowa ya jera taurari biyar. A kasuwa mahauta suka fara tsokanata suna cewa ga tauraron waya. Yaran da ba su taɓa jin kiɗana ba suka fara gaishe ni da suna. Ba zan ɓoye muku ba, na ji daɗi. Har na riƙa cewa Zainabu ta duba mini mutum nawa suka kalla.

Ita ce ta fara ganin abin da ban so in gani ba. Wata rana da hantsi ta zo ta zauna kusa da ni ina gyaran tsarkiyar kalangu.

"Baba, akwai wani mutumin Mashi da ya rubuta jiya cewa ya tura kuɗi wata biyu ba a kawo masa komai ba. Yau na duba, an goge."

"Wataƙila sun sasanta."

"Kuma masu yabon nan, da yawansu ba su da hoto, ba su da abokai. Mutum bakwai sun rubuta magana iri ɗaya, har kuskuren rubutun iri ɗaya ne. Ina jin mutum ɗaya ne yake rubutawa da sunaye daban-daban."

Na ce ta mayar da hankali ga karatunta, ta bar bin diddigin abincin mutane. Ta tashi ta shige ɗaki. Yanzu da take rubuta wannan ma ba ta ɗago kai ba.

Da kaka ta yi, an gama yankan gero, Sani ya zo daga Baure a kan babur. Ya same ni a zaure tare da abokaina biyu, tsofaffin mahauta, muna shan fura. Ya gaishe mu, ya ba da saƙon mahaifiyarsa, sannan ya fito da waya. Fuskarsa tana haske irin na wanda ya daɗe yana ɗauke da magana. Ya ce ya samu inda zai sayi kaya cikakku, fiyano babba da lasifika biyu da na'urar haɗa sauti, a farashin da bai kai na kasuwar Kano ba. Ya shiga karanta mana abin da mutane suka rubuta, ɗaya bayan ɗaya, yana nuna mana taurarin da yatsa. Can ya kife wayar a kan cinyarsa.

"Amma Baba, duk waɗannan ban san su ba. Kowa zai iya rubuta abin da ya ga dama. Kai na gani, shi ya sa na taso. Da gaske ka saya a wurinsa?"

Abokaina suna kallona suna murmushi. Mako-mako ina ba su labarin yadda babban ɗan kasuwa ya zo har gida nemana. Na ga idan na ce a'a, gobe kasuwa gaba ɗaya za ta san cewa Isiya ya yi ƙarya saboda ambulan. Wannan ne kaɗai abin da na auna. Ban auna Audu ba, ban auna Delu ba.

"Na saya," na ce.

"Yana ciki? In ɗan taɓa in ji sautinsa."

"Wani yaro a Katsina ya karɓa haya. Ni me zan yi da fiyano a gida?"

Ya yi dariya, ya ce alhamdu lillahi, hankalinsa ya kwanta. Sai a lokacin ya faɗa mini inda kuɗin za su fito. Fadamar ubansa zai sayar, ya riga ya samu mai saye, mahaifiyarsa ta yarda bayan doguwar magiya. Na ce masa ya bi a hankali, ya je Kano ya ga shagon da idonsa. Ya ce Alhaji Nura ya gaya masa kayan suna hanya daga Legas, kuma rangwamen na waɗanda suka biya kafin sallar Juma'a ne. Ranar Talata ce. Ya durƙusa ya yi mini sallama, na sa masa albarka da wannan bakin nawa.

Kwana uku nake da su. Baure ba nisa, motar haya tana tashi kullum daga tasha, waya kuma tana aljihuna. Kowace safiya Rabi takan ajiye mini koko ta tsaya a kaina.

"Malam, ka kira yaron nan."

"Zan kira."

Ranar Laraba na kira, amma ba Sani ba. Alhaji Nura na kira. Na ce masa ɗana zai yi ciniki da shi, ya dubi Allah ya dubi furfurata. Ya ce haba Baba, ɗanka ai ɗan'uwana ne, har makirfo zan ƙara masa kyauta. Na kashe waya na ce wa Rabi an gama magana. Na san a raina ba a gama ba. Na nemi wanda zai gaya mini abin da nake so in ji ne, na kuma same shi. Ranar Alhamis na tafi gona na wuni ina ɗaurin karan da ba ya buƙatar ɗauri. Ranar Juma'a kafin a tafi masallaci Sani ya tura kuɗin fadamar ubansa gaba ɗaya.

An yi mako biyar ana ce masa gobe. Mota ta lalace a hanya, an riƙe kaya a shinge, direba ba shi da lafiya. Daga ƙarshe aka kira shi ya zo tashar Daura ya karɓi saƙo. Kwali ɗaya ne, babba, an naɗe shi da salatif ta ko'ina. Bai buɗe a tasha ba. Ya ɗauro shi a bayan babur ya kawo zaurena, wai mu buɗe tare. Da ya yanka, sai ga ɗan fiyanon roba irin na wasan yara, da gutsattsarin bulo da aka naɗe cikin tsofaffin buhuna don kwalin ya yi nauyi. Ya daɗe yana fitar da buhunan ɗaya bayan ɗaya, yana kakkaɓewa, kamar wani abu zai faɗo. Ya kira lambar mutumin, a kashe. Ya sake kira. Sannan ya juyo gare ni, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Baba, ba ni lambar yaron nan na Katsina da ya karɓi naka haya. Wataƙila da takardar shago a jikin kwalin, mu samu adireshi."

Ina kallon bulon da ke kan tabarma. Ya jira. Na ji lokacin da ya gane, don numfashinsa ya sauya. Da ya zage ni a ranar, ko ya ɗaga mini hannu, da wataƙila na samu sauƙi. Bai yi ba. Ya mayar da buhunan cikin kwali, ya share ƙurar bulon daga tabarmata da tafin hannunsa.

"To Baba. Allah ya kiyaye gaba."

Ya durƙusa kamar yadda ya saba, ya fita.

Na yi abin da ya kamata in yi tun farko, a lokacin da ba shi da sauran amfani. Na je ofishin 'yan sanda na ba da bayani, suka rubuta, suka yi ƙoƙarinsu, amma sunan ba na gaske ba ne, shagon babu shi, kuɗin kuma an riga an kwashe. Na sa Zainabu ta rubuta a ƙarƙashin bidiyon cewa ni ne Isiya, ban taɓa sayen komai a wurin mutumin nan ba, kada kowa ya tura kuɗi. Kafin azahar an goge, an kuma toshe ta. Muka sake da wayar maƙwabci, aka sake gogewa. Na yi sabon bidiyo ina ƙaryata kaina, mutane kaɗan suka kalla. Bayan wata biyu shafin ya ɓace, sai ga shi ya ɓullo da wani suna, da sababbin masu yabo da taurarinsu, ga ni kuma a sama da rigar Juma'a, an yanke inda na ambaci sunan shagon. Har wannan shekarar wani ya tare ni a kasuwar Mai'adua ya ce ya gan ni. Ban san mutum nawa na jawo ba. Sani kaɗai na sani.

Ba fadama, ba kayan kiɗa, ga iyali. Ya koma wurin masu situdiyo, ya tarar an ɗauki wani. Sai ya shiga abin da samarin bakin iyaka ke shiga in hanya ta toshe, ɗaukar jarkokin fetur a babur ta hanyoyin daji zuwa tsallake. Na aika masa ya zo mu raba gonata, ya aiko da godiya ya ce yana nan zuwa. Da salla ya aiko mini da goro kamar kowace shekara. Shi kansa bai sake taka zaurena ba. Ana cikin zafin bazara, wata rana da rana tsaka, tayarsa ta fashe a cikin yashi da jarka shida a bayansa. Ɗaya ta tsage a kan injin mai zafi. Makiyayan da ke kusa suka kashe wutar da ƙasa, suka kawo shi asibiti a Daura.

Ya yi kwana huɗu. Kullum ina zuwa in zauna a gindin bishiya a waje. A rana ta uku na yi ƙarfin hali na shiga. An naɗe shi har wuya, idanunsa da bakinsa kaɗai ake gani. Ɗakin cike yake da dangi, ga Delu a gefen gado tana yi masa fifita, ga matarsa da 'yar a baya. Ya gan ni.

"Baba, ka zo? A ba shi kujera."

Na zo ne in roƙe shi gafara. Na dubi mutanen da ke ɗakin, na ce a raina bari sai gobe da safe in an ragu. Na yi masa sannu, na yi addu'a, na fita. Washegari da na iso, na tarar ana naɗe tabarmi, Sani ya riga ya cika. Ku lura da wannan, 'ya'yana. Abin da ya rufe mini baki a zaure shi ne ya sake rufe mini baki a asibiti, bayan duk abin da na gani.

Bayan sadakar bakwai, da baƙi suka watse, na ce wa Rabi ta raka ni Baure. Muka sami Delu a tsakar gida tana tsince wake a faifai, Hauwa'u tana barci a kan zani kusa da ita. Na zauna a ƙasa, ba a kan tabarmar da ta shimfiɗa mini ba. Na faɗa mata komai, tun daga motar da ta tsaya a ƙofata har ranar Talatar da Sani ya zo ya tambaye ni na ce masa na saya. Hannunta ya tsaya a cikin waken.

"Ya je wurinka?"

"Ya zo. Ya tambaye ni baki da baki."

"Ranar da kwalin nan ya zo na tambaye shi. Na ce, kai da kake da uba a Daura, har da hotonsa a ciki, ba ka je ka ji daga bakinsa ba? Ya ce mini bai je ba. Ya ce rubutun mutane ya karanta ya yarda, laifinsa ne shi kaɗai. Ya ce kai ma yaudararka aka yi, kada in riƙe ka a zuciya."

Rabi ta fara kuka a hankali. Delu ba ta yi ba. Ta daɗe tana kallon jikarta.

"Isiya, tun da na haifi yaron nan bai taɓa yi mini ƙarya ba. Sai a kanka."

Na ce ta yafe mini. Ta ce haƙƙin Sani ba nata ba ne balle ta yafe, sai mu haɗu da shi a can. Nata kuwa, in ba ta lokaci.

Da muka dawo gida na kira malamin unguwa da shaidu biyu, na ba Hauwa'u gonata ta hanyar Zango kyauta, aka rubuta, mahaifiyarku ta sa hannu. Ba ta kai fadamar Audu kyau ba, amma ita ce mafi kyawun abin da na mallaka. In na mutu kada ɗayanku ya lissafa ta cikin gado, kada kuma ya nuna wa yarinyar nan cewa alfarma aka yi mata. Tun ranar ban sake taɓa kalangu ba. Ni nake noma gonar yanzu, in ƙarfina ya ƙare ku karɓa har ta girma. Duk kaka nakan ɗora amfanin a mota in kai Baure da kaina. Delu takan fito ta amsa gaisuwata, ta nuna inda za a sauke buhunan, ta sa a kawo mini ruwa. Kaka huɗu ke nan. Ba ta ce ta yafe ba tukuna, ni kuma ban sake tambaya ba.